Makokin Kawu a Makon Zaɓe

Kawu ya rasu ranar Talata a asibiti a Kafanchan, aka kai shi gida Nok ranar Laraba, zaɓe kuma ranar Asabar. Da a ce mutum ne ke tsai da ranar tafiyarsa, da na ce da gangan ya yi, don halinsa ne ya jefa mutane cikin tambayar da ba su shirya amsa ta ba. Amma Ubangiji ne ya kira shi, ciwon hanta ne sanadi. Mun daɗe muna ganin yana ramewa, shi kuma yana ce mana yawan hawa babur ne.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, tun ba a je ko'ina ba, na ji yaran gidanmu suna kiransa "wanda ya je Amurka." Shi ke nan, kamar abin da ya yi a duniya ke nan, hawa jirgi da saukowa. Ni 'yar yayarsa ce, ina koyarwa a firamare a Kafanchan. Na ci abinci a gidansa, na sha faɗansa, na kuma ga abin da ya faru a makokinsa da idona.

Mutane sun zo, ba laifi. Malaman kwalejin da yake koyarwa sun zo cikin kwat suna tsallake taɓo, 'yan reluwe sun zo, matan zumunta na coci-coci sun zo da waƙa tun daga bakin hanya. A gaban iyali maganar kowa ɗaya ce: "Sai haƙuri, Ubangiji ya ta'azantar da ku." Amma mai raba kunu tana jin abin da mai zaman tabarma ba ya ji. A bayan rumbu na ji wani dattijo yana cewa, "Wannan karatu duka, ko kansila bai yi ba." Na kusa da shi ya ɗaga kai ya dubi kwanon ɗakin da ya yi tsatsa, ya ce, "Ka ga gidan dokta." Wata tsohuwa da ban sani ba, wadda ta zo a ƙafa daga wajen Kagoma, ta riƙe hannuna ta ƙi saki. Ta ce, "Shi ne ya zo madafana ya zauna a kan kututture. Ya sha hayaƙi har ya yi hawaye, bai tashi ba." Ta faɗi haka, ta fashe da kuka.

Da yamma, bayan an rufe kabari, Kawu Babba ya miƙe. Shi ne wan Mama da marigayin duka, shi ne mai gida. Ya yi godiya ga baƙi, sa'an nan ya juyo wajen mata ya ce, "Ba macen da zai fita gidan nan sai an share makoki. Kun san al'ada."

Mun san ta. A wurinmu, in namiji ya rasu, 'yan'uwansa mata da 'ya'yansu mata, duk inda aka aurar da su, sukan dawo gidan uba su shimfiɗa tabarma a ɗakin matar mamacin da ƙofarsa, su zauna da ita mako guda. Su ke karɓar gaisuwa, su ke ba baƙi ruwa. Maza kan leƙa gona su dawo, mata kuwa ba sa tashi. Wadda ta tashi, za a riƙa faɗa wa jikokinta cewa kakarsu ta bar ɗan'uwanta a ƙasa ta tafi harkar gabanta. To ga shi damina ce ta shekarar da soja za su miƙa mulki, karo na farko da matan Arewa za su sa hannu a zaɓen masu mulkin ƙasa, kuma kowaccenmu a garin mijinta aka rubuta sunanta. Ko mu zauna wa Kawu, ko mu je mu yi abin da ya ƙare ƙarfinsa yana kiranmu mu yi. Kowa ta dubi Mama, ita kuma ta dubi ƙasa.

Sai na koma baya kaɗan, don wanda bai san shi ba.

Kawu ya daɗe yana ticha a makarantun mishan kafin a ba shi gurbin karatu a Amurka, har ya fara furfura. Kowa ya ɗauka zai karanto aikin fasto ko na lauya. Sai aka kai shi wata jami'a a kudancin ƙasar, kusa da iyakar Meksiko, inda ya tarar da wasu mutane da ake ce wa Latino. Sifaniyanci suke ji a gida, Turanci a waje, kamar yadda muke yi da yarenmu da Hausa. Da hutu yakan bi su gonar albasa ya yi ƙodago. A nan ya lura cewa da yawansu a ƙasar aka haife su, har da kakanninsu, amma ranar zaɓe suna gida. Ya ce da ya tambayi malamansa dalili, sai aka miƙo masa littattafai masu cewa mutanen ba su damu ba ne, haka suke.

"Na taɓa jin wannan magana," in ji shi. "A kanmu na ji ta."

Sai ya mai da abin ya zama bincikensa. Bai aika musu da takarda su cike ba. Ya koyi yarensu gwargwado, ya riƙa bin gida-gida yana zama a madafa da iyaye mata, yana taya su ɓare wake. Kuma ba ya tambayar mutum me ya hana shi zaɓe, don ya ce wannan tambayar zargi ce, kowa zai ba ka amsar da za ta kore ka. Abin da yake tambaya shi ne, "Wa ya taɓa zuwa ya ce ki fito?" Ya ce gida bayan gida amsar ɗaya ce, ba kowa. Ana sanarwa a rediyo, ana manna takardu a bango, amma mutumin da aka saba nuna wa shi baƙo ne ba ya ɗaukar sanarwa tasa ce. Sai wanda ya sani ya zo ƙofarsa ya kira sunansa, da yaren da uwarsa ke kiransa. Abin da ya rubuta ke nan aka ba shi dokta. Ni da na ji, na ce, "Kawu, ai haka ake kiran gayya a gona." Ya yi dariya ya ce in rufa masa asiri kada Turawa su karɓe takardarsu.

Ya dawo bayan an gama yaƙi, da akwatin littattafai da wata irin waina ta masara, fale-fale, ba mai, wadda ya dage sai matarsa ta koya. Mun ci don kunya. Noma bai iya ba, cittarsa ce kullum ta ƙarshe a unguwa. Ba ya zuwa ko'ina a kan lokaci, saboda ba ya iya wuce mutum bai tsaya ba, kuma gaisuwarsa ba ta ƙarewa sai ya san sunan uwarka da garin da aka auro ta. In ka ce masa mutanen wuri kaza ba sa son abu kaza, sai ya cire tabarau ya ce, "Ba su so, ko ba ka tambaya ba?" Wannan tambayar ta ba mutane da yawa haushi, ni ma ina ciki. Na taɓa kai masa ƙarar iyayen yaran ajina da ba sa zuwa taron makaranta, ina neman ya taya ni zaginsu, sai ya tambaye ni gidan wa na taɓa shiga a cikinsu. Na yi mako biyu ban gaishe shi ba.

Ba mu san aikinsa ya yi nisa ba sai da wani baƙo ya zo. Abokin karatunsa ne, Latino, ya zama malamin jami'a a can. Ya sauka a jirgin ƙasa a Kafanchan, Kawu ya goyo shi a babur har Nok. Yara suka rasa yadda za su kira shi, ba Bature ba, ba Balarabe ba. Ya ga masara a gona ya tsaya yana shafa ganyenta kamar ya ga ɗan garinsu, ya ci tuwo da barkonon da ya fi ƙarfin matasanmu. Ranar Lahadi bayan sujada fasto ya ba shi dama ya yi gaisuwa, aka ce ni in fassara, don Kawu ya ƙi. Baƙon ya ce a da masu nazarin zaɓe a ƙasarsu sun yanke hukunci cewa mutanensa ba su damu ba. Ya ce tun da ɗan wannan ƙauye ya zauna a madafar iyayensu mata, tambayar ta sauya. Ɗalibai yanzu suna karanta abin da ya rubuta kafin su fita bincike, su ma suna bin gida-gida yadda ya yi, kuma matasan da ke fitar da mutanensu ranar zaɓe ba sa tsayawa ga manna takarda, ƙofa suke ƙwanƙwasawa. Coci ya yi tafi. Kawu yana ta goge tabarau da bakin rigarsa.

A ƙofar coci Kawu Babba ya ba baƙon hannu, ya jira ya wuce, sa'an nan ya ce wa ƙaninsa, "To, su can sun ci amfani. Mu fa?"

Ba zan ce ba shi da gaskiya ba. Duk shekarun da Kawu ya yi a waje, Kawu Babba ne ya noma gonarsa, ya ciyar da matarsa da yaransa. Kuma shi mutumin siyasa ne tun zamanin Turawa. Tun da aka fara kafa akwati a ƙasarmu bai taɓa fashin zaɓe ba, ya kuma sha ɗauri a kan haka a lokacin da faɗin ra'ayi ke kai mutum gaban alƙali. Burinsa ɗaya ne, ya ga ɗan gidansu a majalisa yana magana da yawunmu. Da aka ɗage dokar hana siyasa, ya tara dattawa suka je Kafanchan, inda Kawu ke kwana saboda aikin kwaleji, da akuya, suka ce Kawu ya fito takara. Kawu ya saurare su har ƙarshe, ya ba su abinci, ya ce ba zai yi ba. Ya ce abin da ya koya shi ne yadda ake kiran mutane su fito, kuma ran da ya zama shi ne ake fitowa dominsa, ba wanda zai ƙara yarda da kiransa. Kawu Babba ya ce to aƙalla ya riƙa gaya wa matan nan da yake bi gida-gida a kan zaɓe inda za su dangwala. Kawu ya ce wannan ma ba zai yi ba. Akuya ta koma Nok a bayan mota. Daga ranar wa da ƙani ba su ƙara sa hannu a kwano ɗaya ba, ko da Kirsimeti.

Matan da yake bi kuwa, daga Mama abin ya faro. An aurar da ita Fadan Kagoma tun tana yarinya, a can ta haife mu, a can ta binne Baba. Da aka zo rubuta masu zaɓe, fasto ya yi sanarwa a coci cewa har da mata. Mama ta yi wanka ta tafi makarantar da ake rubuta sunaye. Tana kan layi wani ƙanin mijinta ya ce mata, cikin raha, "Ke ba 'yar Jaba ba ne? Ai a garinku za ka rubuta." Ba mugunta ya yi ba, haka shi ma ya ɗauka. A wurinmu duk abu mai nauyi, gado ko rantsuwa ko shari'ar gona, ta gidan uba ake bi, mace kuwa ko ta tsufa a gidan miji ana ce mata baƙuwa. Mama ta ga maganarsa daidai ce, ta kama hanya zuwa Nok, garinsu a ƙasar Jaba. A can kuma wani ɗan'uwanta ya ce, "An aurar da ke, me ya kawo ki layinmu?" Ta sha ruwa ta koma. Ba malamin rajista ko ɗaya da ya kore ta, don ba ta ma kai gaban tebur ba. Da na je duba ta na ce doka ta ce inda mutum yake zaune, sai ta ce, "Bar shi. Ni baƙo ne a can, baƙo ne a nan. Abin na masu gari ne." Daga baya muka gane mata da yawa sun yi irin wannan tafiya, wasu kuma da suka ji labari ba su ma fita ba.

Na gaya wa Kawu ina tsammanin zai tafi ofis ya ɗaga murya. Bai je ba. Ya hau babur ya tafi wurin tsohon da ya fi kowa shekaru a dangin Baba, ya gaishe shi yadda suruki ke gaisuwa, ya zauna a ƙasa. Ya ce, "Baba, tambaya na kawo. Yayata ta haifa muku 'ya'ya, ta binne ɗanku, ta noma gonarku har bayanta ya lanƙwashe. 'Yar gida ce ko baƙuwa?" Tsohon ya ce wace irin magana ce wannan, ai uwar gida ce. Kawu ya ce, "Ita ba ta sani ba. In ni na gaya mata, ɗan'uwanta ne ya faɗa. Sai kai." Tsohon ya ɗauki sandarsa, ya taka har ƙofar Mama, ya tsaya a waje ya kira ta da sunanta na yanka, wanda na yi shekaru ban ji a bakin kowa ba. Ya ce ta fito ya raka ta makaranta. Ina tsaye a wurin. Mama ta fito tana gyara ɗankwali, ta bi bayansa.

Daga nan Kawu ya mai da abin aikin kowace Asabar, har aka rufe rajista, bayan an rufe kuma ya ci gaba da zagayawa don kada su manta. Kagoma, Fadan Kagoma, ƙauyukan da babur ba ya shiga sai a tura. Kullum hanya ɗaya: ya sami dattijon gida, ya yi masa tambayar, ya sa shi ya je ƙofar surukansa da kansa. Wasu dattawan sun kore shi. Wani ya ce in mata suka fara zaɓe gobe za su nemi gado. Kawu ya ce wannan tambayar wata rana ce, yau dai ta yau ya kawo. Matarsa ta yi ta fama da shi a kan rufin ɗaki da ke yoyo, yana cewa Asabar mai zuwa. A cikin wannan yawo ne ciwon ya ci ƙarfinsa. Na yi fushi da shi a kan haka, har yanzu ban gama hucewa ba.

To, mu ne a tabarma, Alhamis da Juma'a. Baƙi na shiga suna fita, ruwan sama na zuba, an tara kwanoni a tsakar ɗaki ana tarar yoyo. Ba wadda ta ambaci zaɓe da ƙarfi, amma na ga mata suna taɓa bakin zaninsu inda suka ƙulle katin zaɓe. Kusan kowa ta zo da nata, ko da yake ba wadda ta ce wa wata ta kawo.

Ranar Asabar da safe, bayan addu'a, matar Kawu ce ta fara magana. Ta dubi kwanonin nan ta ce, "Saboda wannan rana ya bar ni a ɗaki mai yoyo. In kun zauna, na sha ruwan banza ke nan."

Mama ta miƙe. Ta ɗaura zani, ta fita tsakar gida inda Kawu Babba ke zaune da maza a ƙarƙashin mangwaro, ta durƙusa. Da yarenmu suka yi maganar, ga ma'anarta.

"Yaya, zan je in dawo."

"Ƙaninki ne a ƙasa."

"Na sani. Ni na goye shi."

"Za a faɗa. Har bayan ranki za a faɗa."

"A faɗa. Ya zo ƙofata yana da rai. Ban ga yadda zan ƙi shi don ya mutu ba."

Kawu Babba bai ce ta tafi ba, bai ce ta zauna ba. Ya kau da kai. Mama ta tashi ta nufi ƙofa, ba ta waiwaya ba. Sai na ji motsi a bayana, mata suna naɗe mayafi suna neman takalma. Cikin ɗan lokaci ɗakin ya zama ba kowa sai matar mamacin. Wasu suka bi hanyar ƙafa ta cikin gonaki, wasu suka tsaya jiran bas. Dattawan da ke ƙarƙashin mangwaro suna kallonmu, wani ya tofar da yawu. Ba zan ɓoye ba, kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona, amma na tafi.

Zaɓen kansa ba wani abu ba ne. Layi, rana, ɗan sanda da kulki, a shafa maka tawada a yatsa ka dangwala ka jefa. Na tsaya a bayan wata mai sayar da ƙosai da ke ta tambaya ko za a gama kafin man suyarta ya huce. Ina fita na nufi tasha, don hankalina yana kan matar Kawu da muka bari ita kaɗai. Ni ce na fara komawa, rana ta yi sanyi.

Ƙarƙashin mangwaro ba kowa, maza sun tafi makaranta jefa ƙuri'arsu, ba su dawo ba tukuna. A ƙofar ɗakin matar Kawu kuwa, a kan tabarmar mata, Kawu Babba ne zaune ya miƙe ƙafafu, ga ƙwaryar kunu da ludayi a gefensa. Ban taɓa ganin namiji a wannan tabarma ba, balle mai gida. Na durƙusa na gaishe shi, na saci kallon hannunsa. Babu tawada a yatsansa, kuma lokacin rufe akwati ya riga ya wuce.

Kafin in ce wani abu sai ga baƙi sun shigo, wani tsohon fasto daga nesa da mutanensa, waɗanda labari bai kai musu da wuri ba. Suka yi ta'aziyya, Kawu Babba ya ɗebi kunu da hannunsa ya miƙa musu. Faston ya karɓa yana waige-waige, ya ce, "Mai gida, ina matan? Gidan makoki ba mata?"

Kawu Babba ya ce, "Sun tafi zaɓe, Fasto. Ƙanina ne ya aike su. Ni ina riƙe musu wuri."

Ya matsa mini gefe, na zauna.